Shawarwari ga Manoma: Furen Lailak, Ina Yake Yi, Ina Ba Ya Yi?

Wani mai lambun furanni a Kano ya aiko da tambaya: ya ga hoton lailak a intanet, yana son ya yi odar dashensa daga waje, ko zai yi a ƙasarmu?

Malam, ka riƙe kuɗinka. Wannan shuka da masana ke kira Syringa vulgaris asalinta duwatsun yankin Balkan ne a kudu maso gabashin Turai, dangin zaitun ce da yasmin. Takan kai mita 6 ko 7, ganyenta mai siffar zuciya, bibbiyu suna fuskantar juna a jikin reshe. Furen kuwa ƙanana ne masu kunne huɗu, suna taruwa cunkus kamar zangarniyar dawa, shuɗi mai ratsin ja ko fari, ga ƙamshin da ke cika gida. Amma duk wannan kyan sai ta sha sanyi take bayar da shi. Dole ta zubar da ganye, ta kwanta makonni masu yawa cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba, sannan tohon furen ya buɗe a watan Afrilu ko Mayu. Hunturunmu bai kai nan ba, ko da dare ya yi sanyi rana za ta warware shi. Za ka yi ta ban ruwa kana ganin ganye, fure shiru, zafin bazara kuma ya ƙarasa ta. In ƙamshi kake nema, shuka lalle ko yasmin. Wanda ya taɓa wucewa ta gindin lalle da yamma lokacin da ya yi fure ya san abin da nake faɗa.

A kula kuma da masu sayar da dashe. Da Turanci ana kiran darbejiya lailak na Indiya, kurnan nasara kuma lailak na Farisa, alhali ba su haɗa dangi da lailak na gaskiya ba. 'Ya'yan kurnan nasara ma guba ne ga yara da dabbobi.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce mazauniyar Jamus: lailak ɗin da ta tarar a bayan gidanta shekara biyu ke nan bai yi fure ba, ko da yake tana sassabe shi duk ƙarshen shekara, tana kuma zuba masa taki.

Hajiya, almakashin nan ne ya cinye miki furen. Lailak yana ɗaura tohon furen baɗi ne jim kaɗan bayan na bana ya bushe. Duk reshen da kika yanke a watan Oktoba ko Nuwamba, da furensa kika zubar. Ki yi yankan cikin mako biyu ko uku bayan furen ya bushe, sannan ki ajiye almakashi. In tsoho ne da ya yi duhu, ki sare kashi ɗaya cikin uku na manyan rassan tun daga gindi, ki maimaita haka shekara uku. Ki rage takin zamani mai yawan naitirojin, musamman irin na ciyawar tsakar gida, ganye kawai yake ƙarawa. Ki duba kuma ko wata bishiya ta tare masa rana, don yana buƙatar aƙalla awa 6 kullum, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, wadda ba ta da tsami. Farar ƙurar da kan rufe ganyen a ƙarshen zafi cuta ce mai muni a ido, amma ba kasafai take kashe shi ba; a rage rassa iska ta ratsa.

Kin tambayi amfaninsa. Mafi yawa ado ne da ƙamshi, tun da aka kai shi yammacin Turai daga lambunan Daular Usmaniyya a ƙarni na 16, har daga baya wani mai renon furanni, Victor Lemoine na birnin Nansi a Faransa, ya fitar da ire-ire masu ninkin fure. Itacensa na da tauri, ana sassaƙa ƙotar wuƙa da shi. In kina son ƙari, 'ya'yan da ke tsirowa a gindinsa ki haƙo su da saiwarsu ki dasa, sai dai ki yi haƙurin 'yan shekaru kafin su fara fure.