Muƙamuƙi ba a yi masa ɗori irin na ƙafa

Ɗana, ka tambaye ni ko gaskiya ne ƙashin mahaɗar muƙamuƙi yana sake tsirowa in an yanke shi, da abin da ya sa ba na ɗora yaron da ya faɗi a kan haɓa.

Sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki. Wancan ɗan dunƙulen da ka ji ya zame gaba shi ne kan ƙashin. In ka je mayankar Oko-Oba a Agege, roƙi mahauci ya buɗe maka wurin a kan rago. Za ka ga guringuntsi ya lulluɓe kan, da wani ɗan faifai mai tauri tsakaninsa da ƙoƙon kai.

Likitoci sun yanke wannan kan ƙashi a jikin ɓeraye, zomaye da birai, suka zuba ido. A dabbobin da ba su gama girma ba sabon kai yakan fito, ko da bai kai na asali kyau ba. A waɗanda suka gama girma kuwa tsiron kaɗan ne, kuma a karkace. Yanar da ke manne da ƙashi ce ke haifar da sabon, shi ya sa mai tiyata ke lallaɓa ta. Taunar yau da gobe kuma ita ke gyara masa siffa.

Gwajin tumaki shi ya fi tsaya mini a rai. Da aka raunata mahaɗar, aka cire faifan, aka hana bakin motsi, sai ƙashin ya nemi mannewa da ƙoƙon kai. Haka take faruwa ga yaro. Mu sana'armu ɗauri ce, mu sa kara mu hana gaɓa motsi har ta kama. A nan kuwa dogon ɗauri kulle baki yake yi, haɓa ta daina girma, yaro ya tashi cokali ba ya shiga bakinsa. Gyaransa sai tiyata, wani lokaci har a ciro haƙarƙarinsa da guringuntsinsa a dasa.

Saboda haka in an kawo maka wanda ya faɗo daga okada, haƙoransa ba sa haɗuwa daidai, ko bakinsa na karkata in ya buɗe, ko jini na fita ta kunne, kada ka murza, kada ka ɗaure. Ka raka iyayen zuwa LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke nan Idi-Araba, sashen tiyatar baki da fuska, a ɗauki hoton ƙashi. In likita ya ce koko da kunu na 'yan makonni da motsa baki a hankali, ka tsaya musu a kai har su cika.