Amsa: Shin fiɗira imani ce ko tsafta?

Ɗan'uwa tambayarka ita ce wai me ya haɗa yanke farce da fiɗira alhali kai ka san fiɗira tauhidi ce. To ai duka biyun ne, babu karo. Fiɗira ita ce halittar da Allah ya yi ɗan Adam a kanta, duba Suratur Rum aya ta 30, ga kuma hadisin da ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke juya shi. Sannan hadisin Abu Huraira ya lissafa abubuwa 5 na fiɗira: kaciya, aske gashin mara, rage gashin baki, yanke farce da tsige gashin hammata. Wanda ɗabi'arsa ba ta gurɓace ba da kansa yake ƙyamar ƙazanta, ba sai an ce masa ba.

Sai dai akwai iyaka, hadisin Anas a Muslim ya ce kar a wuce kwana 40 ba a gyara ba. Ni gaskiya da can mantuwa nake har sai na ga baƙin datti ya taru ƙarƙashin farcena ina alwala, shi ya sa na ɗaura abin a kan Juma'a, kafin wanka na ɗauko abin yanke farce, minti biyar an gama.