Ga ɗan'uwan da dila ya ce ya kawo dala 2,000 ya ɗauki mota

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na karanta tambayarka a dandalin nan, na ji kamar da hannuna na rubuta ta. Ka ce makinka na kiredit, wato makin da masu ba da bashi ke auna amanarka wajen biya da shi, 540 ne, banki ya ƙi ba ka bashi, sai wani ƙaramin dila irin masu "saya a nan, biya a nan" ya ce ka kawo dala 2,000 kafin alƙalami ka ɗauki Honda Accord ta 2012, ka riƙa kai masa dala 90 duk mako har shekara uku. Ga sabon aiki ka samu, bas ba ya kaiwa wurin. Kana tambaya ko ka sa hannu.

Don Allah kar ka sa tukuna. Ɗauko wayarka ka buga lissafi. Shekara uku mako 156 ne. Dala 90 sau 156 ta ba ka 14,040, ka ɗora 2,000 ɗin farko, ka ga 16,040 ke nan a kan motar 2012. Ban sa inshora ba, ban sa mai ba, ban sa gyara ba. Yanzu shiga Kelley Blue Book, shafin da ke nuna farashin motoci, ka saka shekararta da yawan mil ɗin da ta ci, ka ga nawa take in kuɗi hannu ne. Abin da ya fi damuna a rubutunka shi ne ba ka faɗi farashin motar ba, kuma na san dalili: bai gaya maka ba. Ba sa faɗa. Abin da suke fara tambaya shi ne nawa za ka iya biya a mako, daga bakinka suke gina sauran lissafin.

Ni ma haka aka yi mini a nan jihar Ohio ta Amurka. Kuma wanda ya sayar mini ba Bature ba ne, mutumin Afirka ne ɗan'uwanmu, da sallama ya tarbe ni, ya haɗa mini shayi, ya tambayi mutanen gida. Ya ce shi ma da ya zo ƙasar nan ya sha wuya, shi ya sa ba ya duba makin kowa, fuskar mutum yake dubawa. Wallahi har addu'a na yi masa a wurin. Ya ce in na biya a kan kari makina zai tashi, nan da shekara banki da kansa zai neme ni. Na fi shekara ina kai masa kuɗi duk Juma'a, da ƙafata, don ya ce ofishinsa ake biya. Ruwa, dusar ƙanƙara, azumi, ban taɓa fashi ba.

Sai 'yata ta kwanta rashin lafiya a tsakiyar hunturu, na rasa kwanakin aiki, biyan makon ya wuce da 'yan kwanaki. Na kira shi na gaya masa, ya ce ba komai, Allah ya ba ta lafiya. Motar ta fara wani ƙara duk lokacin da na sa makulli, na ɗauka batir ne. Daren da na fito daga kantin magani, yarinya tana kujerar baya jikinta kamar wuta, uwarta na riƙe da ita, na murɗa makulli, shiru. Fitilu sun kama, rediyo na magana, inji ya ƙi tashi. Na buɗe gaba ina haska waya, hannuna ya ƙage don sanyi, ban ga komai ba. Wani mai gadin wurin ne ya leƙo ya ce mini a ina na sayi motar, da na faɗa masa sai ya girgiza kai ya ce ai sun kashe ta ne daga ofis. Akwai wata 'yar na'ura da suke ɗaurawa a ƙarƙashin sitiyari, tana nuna musu inda motar take, kuma da danna kwamfuta suke hana ta tashi. Na kira mutumin nan, na sake kira, wayar na shiga ba a ɗauka. Matata ba ta ce komai ba, ta lulluɓe yarinyar da mayafinta kawai. Wannan shirun nata ya fi mini zagi ciwo. Wani ɗan'uwa direban tasi ne ya taso daga barci ya kwashe mu. Washegari da na je, mutumin yana zaune yana cin abinci, ko kunya babu, ya ce wai ba shi ba ne, tsari ne, kwamfuta ce ke yi da kanta. Ya zaro takarda ya nuna mini inda aka rubuta maganar na'urar da ƙananan baƙaƙe, a cikin tarin shafukan da ya riƙa juya mini yana cewa sa nan, sa nan. Na biya kuɗin makon, na biya tarar jinkiri, sannan ya danna ta tashi. Mutumin da ya sha shayi da ni. Har yau in na bi ta titin sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Saboda haka tambaye shi baki da baki: akwai na'urar bin sawu ko ta kashe mota a jikinta? Kwana nawa na jinkiri kafin a kashe? Ya nuna maka a rubuce. Abin da ya faɗa da baki iska ce.

Bai ƙare a nan ba. Bayan 'yan watanni giyar motar ta lalace. Na koma wurinsa, ya ce an sayar mini da ita yadda take, ba garanti. Ka duba gilashin motar da kake so, doka ta tilasta wa dila ya manna wata takarda mai suna Buyers Guide, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ce ta wajabta ta. A jikinta ake nuna ko akwai garanti ko kuwa yadda take za ka ɗauka. In akwatin "yadda take" aka yi wa alama, ko a bakin ƙofarsa injin ya buga, kai za ka gyara, kuma biyan mako ba zai tsaya ba. Na ci bashi wurin 'yan'uwa na sa wata giyar, kuɗin gyaran ya sa na koma baya a biya, wata asuba na fito zan tafi aiki na tarar da filin ajiye mota wayam. Janwe ya zo cikin dare. Kujerar yarinya na ciki, takalman aikina na ciki, har da darduma. A yawancin jihohi ba sa bukatar zuwa kotu kafin su ɗauke, muddin ba su fasa gareji ko sun yi amfani da ƙarfi ba. Kayanka na ciki dai haƙƙinka ne, dole su ba ka, kar wani ya ce maka sun bi mota. Nawa a baƙar leda aka miƙo mini su.

Daga baya wasiƙa ta zo, wai an sayar da ita a gwanjo a wani ɗan kuɗi da ko giyar da na sa bai kai ba, an ɗora kuɗin janwe da na ajiya, saura kaza ake bina. Mota ta tafi, bashi yana nan. Ba a jima ba na hango ta a filinsa an wanke ta, an rubuta sabon kafin alƙalami a gilashi da farin alli, da giyata a cikinta, tana jiran wani bawan Allah. A nan na gane ba faɗuwata yake tsoro ba, ita ce ma ribarsa. Allah ya isa tsakanina da shi.

Maganar wai makinka zai tashi kuwa, ka bincika. Da yawa daga cikin ƙananan dilolin nan ba sa kai rahoton biyanka ga Experian ko Equifax ko TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Duk Juma'o'in da na yi ina kai kuɗi, ko ɗaya bai fito a rahotona ba. Amma da aka miƙa ragowar bashin ga masu karɓar bashi, nan da nan ya bayyana, kuma irin wannan tabo shekara bakwai yake zama. In ya ce yana kai rahoto, ya faɗi wa wane kamfani, ya rubuta a yarjejeniya.

Ka ma duba rahotonka kuwa? Shiga AnnualCreditReport.com, kyauta ne, na kamfanonin uku duka. Mu masu suna Muhammad da Abubakar da Ibrahim sau da yawa ana haɗa mana bashin wani mai irin sunan. In ka ga abin da ba naka ba ka ƙalubalance shi, doka ta ba su kamar kwana 30 su bincika. Makin kiredit na FICO daga 300 yake zuwa 850, ƙasa da 580 ne ake ɗauka mai rauni, kai 540 kake, ba ka yi nisa da bakin ba. Ka buɗe katin nan da ake ajiye kuɗin jingina kamar dala 200, ka riƙa shan mai da shi kana biya duka kafin ƙarshen wata, ba ruwan da zai hau kanka, cikin 'yan watanni za ka ga bambanci.

Banki ɗaya ya ƙi ka, ba shi ke nan ba. Je ka kiredit yuniyon na garinku, bankunan nan na 'yan ƙungiya. Waɗanda ke ƙarƙashin rajistar tarayya ruwan bashin mota a wurinsu ba ya wuce kashi 18 cikin ɗari, kuma suna zama su saurari mutum, wasunsu ma suna karɓar lambar biyan haraji ta ITIN. Ka tafi da takardun albashi da wasiƙar sabon aikinka. In za ka nema a wurare da dama, ka yi su cikin mako biyu, ana lissafa su tamkar bincike ɗaya a kan makinka. Batun ruwa kuma duk mun san matsayinsa a addini, na bar wa malamanmu na cikin dandalin nan su yi maka bayani, amma ni abin da ya fitar da ni adashi ne. Muka haɗu mu 'yan masallaci, aka ba ni kwasar farko saboda halin da nake ciki, na sayi tsohuwar Corolla a hannun mai ita, fenti duk ya kwaile, ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa daga waje. Ba wanda ya isa ya kashe mini ita daga ofis. Kana da 2,000 a hannu, in ka samu kwasa ɗaya ka haɗa, ka kusa motar da za ta kai ka aiki ta dawo da kai. Kafin nan ka nemi wanda kuke hanya ɗaya ka riƙa ba shi kuɗin mai. Ba abin kunya ba ne.

Kuma mu daina wannan abu na son motar da za a ɗauki hoto a tura gida. Ranar da aka ga hotonka jingine da mota mai ƙyalli, ranar za a fara kiran waya, wannan kuɗin makaranta, wancan biki, wani jari. Ba su san duk Juma'a sai ka kai dala 90 ba, ba su san kuɗin haya ba. Ni lokacin da janwe ya ɗauke tawa, a makon aka kira ni daga gida wai tunda na yi mota a taimaka a gyara rufin ɗaki. Na rasa me zan ce. To, wannan wata magana ce daban.

In dai ka ga ba makawa sai wannan dilan, to kar ka je kai kaɗai. Ka ce ya ba ka takardar ka tafi da ita gida ka kwana da ita. Dokar tarayya ta Truth in Lending ta tilasta masa ya rubuta maka kason ruwa na shekara, wato APR, da jimillar ruwan a dala, da ainihin kuɗin da ya ranta maka, da jimillar abin da za ka biya, kafin ka sa hannu. In ya ce takarda ba ta fita daga ofis, ko wani na zuwa da yamma zai ɗauki motar, tashi ka tafi. Kuma kar kowa ya ruɗe ka da cewa kana da kwana uku na fasa ciniki, wannan dokar ta tarayya ba ta shafi motar da ka saya a filin dila ba. A yawancin jihohi kana sa hannu ta zama taka. Kar ka bar gurbi ko ɗaya babu rubutu, kar ka ɗauki mota a kan wai za a kammala takardu daga baya.

Kwafi lambar VIN, baƙaƙe da lambobi 17 ne a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka bincika tarihinta a shafin Carfax ko AutoCheck. Ka ga takardar mallaka da idonka, kar ta zama wadda inshora ta yi watsi da ita bayan haɗari ko ambaliya. Ɗaga kafet ka shinshina. Kai ta wurin bakanike naka, ba nasa ba, a ɗaga ta sama a duba giya da ƙasanta, kuɗin dubawar bai kai rabin abin da na kashe a giya ba ko kusa. Kira kamfanin inshora kafin komai, domin motar bashi cikakkiyar inshora za su ce ka yi, kuma a jihohi da yawa mai ƙaramin maki ya fi biya da tsada. In kana tunanin haɗawa da kai abinci irin na DoorDash, ka gaya musu, inshorar mota ta yau da kullum ba kasafai take ɗaukar haɗarin da aka yi a bakin sana'a ba. Duk kuɗin da ka ba shi ka karɓi rasit ka ɗauki hotonsa.

Na ga wani a ƙasan tambayarka ya ce ka nemi ɗan'uwa mai maki ya tsaya maka. Ka yi tunani sosai. Wanda ya tsaya maka, bashin nasa ne dungurungum, in ka makara makinsa ne zai faɗi tare da naka. Na san aminai biyu da ko gaisawa ba sa yi yanzu a kan wannan, a sahu ɗaya suke sallah.

Ba ka faɗi jihar da kake ba, kuma dokokin sun bambanta. New York tana tilasta wa dila ya ba da ɗan garanti a kan tsohuwar mota in ba ta wuce mil 100,000 ba, California ta sa masu "saya a nan, biya a nan" su ba da na kwana 30 ko mil 1,000, wasu jihohin kuwa ba komai. Faɗi jiharka, ka rufe sunanka da adireshinka ka turo hoton shafin da APR yake, da shafin maganar na'ura, mu duba tare. In Columbus kake ko kusa, ranar Asabar ba ni da aiki, zan raka ka, akwai bakanike a unguwarmu da zai ɗaga mana ita.