Filin Motoci: Marsandi V-Boot ko BMW, Wace Tsohuwa ce ta Cancanci Ajiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina son sayen Marsandi V-Boot irin ta iyayenmu, don fita Juma'a da biki, ba don zirga-zirgar kullum ba. An nuna mini 230E ta 1990 da E 320 ta 1994, kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun W124 ne a lambar kamfani, jerin da aka fara ƙerawa a ƙarshen 1984, aka yi masa kwaskwarima a 1989, sannan a 1993 aka mayar da harafin E gaba. Idan jikinsu ɗaya ne a lafiya, ɗauki 230E. Injinta M102 ne mai silinda huɗu, ƙarfinsa doki 130 da 'yan kai. Ba ta tsere, amma duk tsohon bakanike ya san cikinta, kuma kayanta ba sa wuya a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

E 320 ta fi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, da injin M104 mai silinda shida da doki 220. Sai dai ta faɗo cikin shekarun 1992 zuwa 1996, lokacin da kamfanin ya naɗe wayoyin inji da wata roba da ke ruɓewa da kanta. Zafin inji na gasa ta, ta farfashe, tagulla ta taɓa tagulla. Daga nan mota ta fara tsalle a silo, tana cin fiyus, wani lokacin har ta ƙone burenbos. Ka kashe inji, ka ɗan lanƙwasa wayar da ke zuwa kan injekta da yatsa. Idan robar ta zubo kamar garin gawayi, damin wayar gaba ɗaya za a canja, har da wadda ke cikin totur ɗin lantarki. Naɗin salatif ba ya magance wannan. Ka cire kuɗin daga farashin, ko ka bar musu kayarsu.

Kafin inji ma, jiki za ka fara dubawa. Inji ana saukewa a ɗora wani a yini biyu, amma tsatsar da ta ci ƙashin mota ba ta da ranar gamawa. Da yawa daga cikin waɗannan motocin sun sha gishirin titunan Turai a lokacin sanyi kafin su iso mu, waɗanda suka zauna a Legas kuma sun ƙara da iskar teku. A ɗaga motar, ka cire murfin ramukan jak guda huɗu ka haska da tocila. Ka ɗaga batir ka ga ƙarƙashinsa, ka duba mazaunin sifirin na gaba da inda gindin ƙafar baya ya kama jiki. Ka bi ƙasan fuka-fukan gaba da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, cike ne mai fenti ya shafa ya rufe.

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Bayan ta yi zafi, allurar matsin baƙin mai na iya sauka a silo, amma da ka taɓa totur dole ta hau zuwa 3 nan take. Ka sa ribas: idan ta yi daƙiƙa biyu ko uku kafin ta kama, giyabos ya kusa neman kuɗi. Tashi da giya ta biyu kuwa ba ciwo ba ne, haka aka yi yawancin masu otomatik mai giya huɗu. A injin silinda shida, ka shafa bayan kan inji ta gefen salansa; baƙin mai a wurin alamar gasket ce. Agogon kilomita kada ka ba shi amana, domin ɗan haƙorin robar da ke juya shi yana karyewa, mota ta yi shekaru tana tafiya lamba na tsaye.

TAMBAYA: Ni BMW nake so. Tsakanin E34 da E39, wacce ta fi jure ƙasarmu? Dillali na matsa mini in ɗauki 540i. Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Alhaji, dillali la'adarsa yake dubawa. Duka biyun jerin 5 Series ne a lambar kamfani. E34 ta fito a 1988, E39 ta gaje ta a ƙarshen 1995 ta kai 2003. A cikin E34, wadda muke so ita ce 525i mai injin M50, daga 1990 zuwa sama: tukunyarsa, wato gangar jikin injin, ta ƙarfe ce, kuma sarƙa ke juya taimin. Ta kafin nan mai M20 bel gare ta, wanda ake canjawa duk shekara huɗu ko wajen kilomita 60,000, in ya tsinke kuwa fistin ya daki bawul.

Akwai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye. Injin V8 na E34, wato M60 da ke cikin 540i ɗinta, da M52 na farkon E39 kafin 1998, an shafe cikin silindarsu da wani haɗin ƙarfe mai suna Nikasil, wanda fetur mai yawan sulfa ke cinyewa. Kasuwarmu kuwa ta daɗe tana shan irin wannan man a shekarun baya. Alamarsa rawar inji a silo da wuyar tashi da safe. Kada ka biya kuɗi sai an auna matsin kowace silinda an ga sun yi kusa da juna. A E39, mafi kwanciyar hankali ita ce 525i ko 530i mai M54, daga 2000. Ita 540i ta E39, robobin da sarƙar taimin ke bi a kansu suna karyewa da tsufa, gyaran kuma sai an buɗe gaban inji duka.

Kowacce ka saya, raunin BMW ruwa ne. Lagireto, tankin ruwa da gidan tamostat roba ne, haka fanfelar famfon ruwa a wasu, kuma sukan gaji kusan lokaci guda. Idan babu shaidar an canja su, ka canja su tare a watan farko. M54 tukunyar alminiyom ce. Zafi ɗaya mai tsanani na iya lanƙwasa kan inji ya zare zaren kusoshi. Idan sitiyari na karkarwa lokacin taka birki a gudun kilomita 80 zuwa 100, yawanci bushin ɗin hannun gaba ne suka mutu, ko da yake bakanike zai fara cewa faranti ne.

TAMBAYA: 300E ta mahaifinmu na ɗaukar zafi a cunkoso. Bakanike ya ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. In yarda? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: A'a, Hajiya. Tamostat ɗin wannan inji yana buɗewa ne a digiri 87, kuma idan ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji. In aka cire shi, wani kaso na ruwan ba zai ratsa lagireto ba sam. Ga shi da safe inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, ya riƙa shan mai fiye da kima.

Zafi a cunkoso da ke sauka idan an hau titi, matsalar iska ce. A fara da kulochin fanka: inji na da zafi, a kashe shi, a juya fankar da hannu. Idan ta yi ta juyawa sakaka, ya mutu. Sai fankar lantarki ta gaba, a ga ko tana tashi idan an kunna esi. A wanke ƙurar da ta toshe tsakanin lagireto da kondensa, a canja murfin tankin ruwa. A daina zuba ruwan rijiya zalla, a haɗa ruwan sanyaya inji da tataccen ruwa rabi da rabi. Idan kuma fitilar ABS na kamawa tare da wuyar tashi, a duba rilen OVP, mai kare na'urorin mota daga wuta mai yawa, da ke bayan batir, mai fiyus 10 a kansa, kafin kowa ya taɓa na'urar rabon mai ta injin, wato KE-Jetronic.

TAMBAYA: Motar da ba a hawa sai jifa-jifa, me take buƙata? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Tafiya take buƙata, Malam, ba tayarwa a gareji na minti biyar ba. Duk mako biyu a yi kilomita 20 zuwa 30 da ita, da esi a kunne don robobinsa su sha mai. Baƙin mai sau ɗaya a shekara ko da ba ta yi nisa ba, man birki duk shekara biyu, man giya da matatarsa a kilomita 60,000. Taya da ta haura shekara shida a canja ta ko da zanenta na nan. A ajiye ta a inuwa saboda dashbod, kuma a riƙa leƙa ƙarƙashin bonet, don ɓera na son wayoyin motar da ke kwance.