Entry da Entrance: wanne ne ƙofa, wanne ne shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar makarantar firamare a Zariya. Na biya mai fenti ya rubuta mana ENTRY a babbar ƙofa, sai wani uban yara ya ce mun yi abin kunya, wai ENTRANCE ya kamata. Wannan ma bai dame ni ba kamar na biyun. Ƙanena ya samu bizar ziyara ta Ingila ta shekara 2, an rubuta masa "multiple entry". Wanda ya yi masa hanya ya ce ai entry na nufin an buɗe masa ƙofa, zai iya zama shekara biyun cur yana aiki. Har ya sa adaidaitarsa a kasuwa. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Mene ne bambancin kalmomin nan? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki ɗauki waya ki ce wa ƙanen nan naki ya dakata da cinikin adaidaitar. Bari mu gama da fenti, sai mu dawo kansa.

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya kalmomin nan, daga Faransanci suka shigo Turanci, kuma tushensu wata kalmar Latin ce mai nufin shiga. Shi ya sa suke ruɗa mutane. Amma a bakin masu harshen, entrance galibi wuri ne, abin da za ki nuna da yatsa ko ki jingina da shi, kamar Ƙofar Doka ko zauren gidanku. Entry kuwa shigar ce kanta, ko izinin shigar, ko rubutun da aka shigar a littafi. Wannan ne dalilin da allon nan ja mai farin layi a tsakiya yake nufin No Entry: hanyar tana nan, shigarta aka hana. Akawu ma duk layin da ya rubuta a littafin kuɗi entry ne, haka kowace kalma a ƙamus. Shigar da bayanai a kwamfuta ma data entry ake ce masa, ba za ki taɓa jin an ce data entrance ba.

Sai dai kada ki ɗauka katanga ce tsakaninsu. Jarrabawar da NECO ke yi wa 'yan aji shida sunanta Common Entrance, alhali mai NCE ko difloma da ke neman jami'a ta hannun JAMB, Direct Entry yake cikewa. Dukkansu shiga makaranta ne, al'ada ce kawai ta raba musu suna. Kuɗin shiga filin wasa, ki ce entrance fee ko entry fee, babu mai yi miki dariya. A wuraren ajiye motoci ma ana rubuta ENTRY da EXIT. Saboda haka uban yaran nan ya fi mai fentinki gaskiya, amma kiran abin da abin kunya ya yi yawa.

To, yanzu ƙanenki. Wannan ita ce maganar da nake maimaitawa har bakina ya gaji. Kalmar entry a jikin biza shiga take ƙirgawa, ba kwanakin zama ba. Single entry, shiga ɗaya: ka shiga ka fito, ta ƙare, ko da kwana biyu ka yi. Multiple entry, ka shiga ka fito ka sake komawa, matuƙar wa'adin bizar bai cika ba. Tsawon zaman da aka yarda ka yi a kowace shiga kuwa magana ce daban, da gurbinta daban. A Ingila, mai bizar ziyara wata 6 ne iyakarsa a kowane zuwa, bizar ta shekara 2 ce, ta 5 ce ko ta 10. Kuma ba a yarda ya kama aiki ba. Ko a cikin wata shidan ma, in suka ga mutum ya mayar da ƙasar gida, yana fita yana dawowa, suna da ikon tare shi.

Kwanaki wani bawan Allah ya zo mini da fasfo naɗe cikin leda, ya buɗe a hankali kamar mai buɗe kundin gado, ya ɗora yatsa kan haruffa huɗun nan, MULT, wato multiple entry a taƙaice, yana murmushi. Bizar ƙasashen Turai ce masu amfani da tsarin Shengen. Na ce masa, "Alhaji, matsar da yatsanka gefe kaɗan." A nan kusa an rubuta kwana 90. Ya ce ai yaron da ya yi masa takardu bai nuna masa nan ba. Na ce ina zai nuna maka, ya riga ya karɓi nasa? Dokar can kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180, kuma kwamfuta ce ke lissafi, ba ta san Alhaji ba, ba ta san ɗan uwan wane ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, masu wannan fassarar ba jahilci ne ke damun yawancinsu ba. Sun sani sarai. In ya gaya maka gaskiya, cewa ziyara ce ta 'yan watanni kuma babu aiki, ba za ka sayar da gona ka ba shi ba. Sai ya ɗauki kalma ɗaya ya murɗe ta, ya ce entry ai ƙofa ce, an buɗe maka. Yana zaune a shago da firinta ɗaya da fanka, ko Legas bai taɓa kwana ba, amma yana karantar da dokar Landan. Mu kuma da mun ga tambari da Turanci sai mu sallama, mu ji nauyin tambayar wanda ya sani don kada a ce mun fallasa sirrin tafiya. Sirrin da ɗan damfara ya sani, malamin Turancin unguwa bai sani ba, wane irin sirri ne wannan?

Kuma ko da entry ɗin ƙofa take nufi, biza ba mabuɗi ba ce. Izini ne na ka je bakin ƙofa ka yi sallama. Filin jirgin da ka sauka shi ake kira port of entry, kuma jami'in da ke zaune a can yana iya cewa ka koma, da bizarka a hannu. In ya tambayi ƙanenki me ya kawo shi, ya ce aiki, a jirgi na gaba za ki je tarbarsa. In kuma ya shige ya zarce wa'adi, a dokar Ingila laifi ne, kuma ana iya hana shi komawa daga shekara 1 har zuwa 10, gwargwadon yadda ya bar ƙasar. Amurka ma haka: wanda ya zarce da fiye da kwana 180 ya fita, shekara 3 ba zai dawo ba, wanda ya kai shekara guda kuwa shekara 10 ce. A Yulin 2025 ma Amurka ta sanar da mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya, wata 3. Masu zarce wa'adi na cikin abin da irin waɗannan ƙasashe ke kafa hujja da shi, kin ga ɓarnar mutum ɗaya tana shafar ɗalibi da mara lafiya da ɗan kasuwar da ba su ji ba ba su gani ba.

Ki zaunar da shi, ku karanta takardar tare, ku nemo abu uku: ranar da bizar za ta ƙare, yawan shiga, da tsawon zama. In yana da abin yi na ziyara, ya je ya dawo da mutuncinsa, bizar tana nan har shekara biyun. In aiki yake nema, wannan ba takardarsa ba ce, ya riƙe adaidaitarsa.

Ita kuwa ƙofar makaranta, ki kira mai fentin ya mayar da ita ENTRANCE, tunda yara ne za su riƙa karanta ta kullum da safe. Ƙaramar ƙofar bayan da ba ki so su bi, can ne wurin NO ENTRY. Ki tsaya a kansa yana rubutawa, don na sha ganin ENTERANCE a jikin katangar makaranta.