Aikin yanar ido: me ya sa awo ya yi yawa, kuma me ake kiyayewa bayan an cire bandeji?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata tana zaune a Tibiri, ta haura shekara 70, tana da ciwon suga, kuma an ce yana ta rufe mata ido biyu. Na kawo ta Maraɗi, amma maimakon a yi aiki sai aka shiga awo iri-iri. Ita kuma ta tsorata, domin maƙwabciyarta an yi mata aikin bara, har yanzu ba ta iya karatun Alƙur'ani. Mene ne amfanin awon, kuma yaya za mu kula da ita bayan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri.

Yana ba wata fata ba ce da ke tsirowa a kan ido. Madubin halitta ne da ke bayan ƙwayar ido yake dusashewa, saboda tsufa ko ciwon suga ko rauni, har haske ya kasa ratsa shi. A wurin aiki ana fitar da shi, a sa na roba a gurbinsa, kuma yawanci ba ya wuce minti 20 zuwa 30, da allurar kashe zafi a ido kaɗai. Tun 1949 aka fara dasa irin wannan madubi a Landan. Wannan aikin dabam yake da abin da masu yawo ƙauyuka suke yi, wato su tura yanar cikin ido da tsinke, abin da kan jawo makantar da ba ta da gyara.

Awon da ya gundure ku shi ne rabin aikin. Madubin roba yana da lamba kamar tabarau, kuma ba a sanin lambar da ta dace da Hajiya sai an auna tsawon idonta da lanƙwasar gabansa. Idan aka sa na hasashe, aikin zai yi kyau amma gani ya zo da hazo. Ana kuma auna ƙarfin ruwan ido, wanda a lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21, domin hawan jinin ido, wato hauhawar wannan ƙarfin, yana cinye jijiyar gani a ɓoye, kuma abin da ya cinye cire yana ba ya maido da shi. Ga mai ciwon suga, ana ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido a leƙa bayansa, a ga ko sugan ya taɓa ƙananan jijiyoyin jini. Idan sugan ko jininta ya hau, ko akwai kwantsa da mugunya, ko gashin ido yana sukar ƙwayar saboda amodari, za a ɗage ranar, kuma a ganina jinkirin mako biyu ya fi aikin da ƙwayar cuta za ta shiga. Ku kai duk magungunan da take sha a gani.

Bayan aiki, galibi washegari ake cire bandeji, kuma a nan ne iyalai da yawa suke kuskure: tsohuwa ta ga fuskar jikokinta, murna ta kama kowa, sai a hau mota a koma gida, ba a sake waiwayar likita ba. Dole ne a dawo bayan kamar mako guda, sannan bayan mako 4 zuwa 6. Maganin ɗigawa kuwa a samu mutum guda mai lura ya riƙe shi, ya wanke hannu da sabulu, kada bakin kwalbar ya taɓa ido, kuma kada a daina shi don an ga sauƙi, saboda a hankali ake rage shi. Kada ta murza idon, kada ta sa kwalli, ta nisanci hayaƙin murhu da wurin sussuka da shiƙa, ta sa baƙin tabarau idan za ta fita, balle a lokacin hunturu da ƙura ke tashi. A wurin alwala ta kiyaye ruwa shiga idon, batun sujada kuma ku tambayi wanda ya yi aikin, don wasu sukan ce a yi salla a zaune a kwanakin farko.

Ƙaiƙayi kaɗan da hawaye ba abin tsoro ba ne. Amma idan zafi ya tsananta, ido ya yi jawur, ko ganin da ya dawo ya fara raguwa, ko ta ga walƙiya da wani abu kamar labule, ku kawo ta a ranar, ko da dare ne.

Maƙwabciyar kuwa, ba na yanke hukunci ban duba ta ba, amma abu biyu ne suka fi yawa. Madubin roba da aka saba sawa na hangen nesa ne, don haka karatu da zura zare a allura suna buƙatar tabarau, wanda ake aunawa idan ido ya warke, ba a saya a tiren kasuwa ba. Na biyu, jakar da madubin ke zaune a ciki takan dusashe bayan watanni ko shekaru, mutane su ce yana ta dawo. Ba dawowa ta yi ba, kuma ana share ta da hasken leza cikin 'yan mintuna, ba tare da yanka ba. Idan za ku dawo da Hajiya, ku taho da maƙwabciyar a auna ta.