Amsa: Ta ina zan fara koyon sasanci?

Malam, ka ce kana son koyon sasanta mutane amma ba ka san ta ina za ka fara ba. Gaskiya fara da bambance mai shiga tsakani da alƙali, shi mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci, aikinsa ya taimaki masu rigimar su cimma matsaya da kansu, kuma da zarar ɓangare ɗaya ya ji ka karkata to shikenan ka rasa shi.

Abin da ya fi wuya shi ne gano ainihin buƙata a bayan abin da mutum ke faɗa. Maƙwabci zai kafe sai an rushe katanga, in ka zauna da shi shi kaɗai ka bar shi ya gama huci ka tambaye shi me ya sa, sai ka tarar ruwan sama ne ke shiga ɗakinsa, ka ga magudana kawai ake buƙata. Wannan dabarar Roger Fisher da William Ury na jami'ar Harvard sun bayyana ta sosai a littafinsu Getting to Yes na 1981, ka neme shi don Allah. Sannan ka riƙa maimaita wa kowa maganarsa kafin ka amsa, har sai ya ce eh haka nake nufi.